Abdussalami ɗan Ibrahim

Abdussalami ɗan Ibrahim (ya rasu a farkon shekarar 1818) malami ne Bahaushe daga cikin Arawa, kuma ɗaya daga cikin almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na farko-farko. Harin da mayaƙan Gobir suka kai wa garinsa, Gimbana, a ƙarshen shekarar 1803 shi ne ya jawo hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu, wadda daga gare ta jihadi ya tashi. Bayan shekara goma sha huɗu shi Abdussalami ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tawaye daga garin Kware, yana zargin sabuwar daular da zalunci, da kama mutane bayi ba bisa ƙa'ida ba, da kuma raba ƙasa tsakanin dangi. Bello ya yanke hukuncin cewa ya yi ridda saboda haɗa kai da abokan gaba, ya yaƙe shi, aka ci Kware, shi kuma ya rasu a Bakura sakamakon raunin kibiya. Rikicinsa shi ne babban tawaye na farko da ya taso daga cikin jama'ar Shehu ita kanta, kuma ya fito da wata tambaya da shugabannin jihadin ba su yi ittifaƙi a kanta ba: wanda ya yi ƙorafi ya janye hannunsa alhali ana cikin yaƙi, mai saɓo ne, ɗan tawaye ne, ko kuwa ya fita daga addini?

Suna da asali

Ruwayoyin Sakkwato sun kawo cewa sunansa na yanka Mika'ilu ne, Abdussalami kuma shi ne sunan da ya shahara da shi. Ana samun sunan a rubuce iri-iri. Littattafan Larabci suna cewa Abd al-Salam, Hausawa kuma Abdussalami ko Abdu Salami, bisa ɗabi'ar harshen ta ƙara wasali a ƙarshen kalmar aro, kamar yadda Usman ya koma Usmanu.

Ba'are ne. Arawa Hausawa ne mazauna ƙasar Arewa, yankin da ya haɗa Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar ta yau da wani ɓangare na Jihar Kebbi, kuma su ne Zabarmawa da Faransawa ke kira Mawri. Arewa a nan sunan wata ƙasa ce mai sarautarta, ba Arewar da ake nufin Arewacin Nijeriya ba, kuma rashin bambance su yakan rikita mai karatu. Asalin nan nasa yana da muhimmanci a labarin. Mafi yawan manyan almajiran Shehu da suka zama shugabannin yaƙi Fulani ne, da dama kuma danginsa ne ta jini ko ta aure. Abdussalami yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da ba Fulani ba, amma suke da jama'a tasu mai yawa da ke binsu.

Degel da ƙaura zuwa Gimbana

A ƙarshen ƙarni na 18 Degel, a ƙasar Gobir, ita ce mazaunin Shehu, ɗalibai kuma suna zuwa can daga ko'ina. Abdussalami ya zo da mutanensa ya sauka kusa da gidan Shehu. Ana ruwaito cewa a gindin wata tsamiya ya kafa zangonsa, ya sa wa wurin suna Darussalam. Ya yi karatu a wurin Shehu, shi ma yana karantar da nasa almajiran yana yi musu wa'azi.

Sassaucin da jama'ar Shehu ta samu a zamanin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo bai ɗore ba. Da Nafata ya hau sarauta ya ga taron da ke bin malamai ya fara zama barazana ga fada, sai ya sa aka yi shelar dokoki uku: ba wanda zai yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addinin kakanninsa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Rawani da lulluɓi su ne alamar da ake gane ɗan jama'a da ita a lokacin, saboda haka manufar doka ta uku ita ce a shafe wannan alamar.

Dokokin sun fi taɓa irin su Abdussalami fiye da Shehu. Shi mai wa'azi ne da ba a keɓe shi daga hanin ba, mabiyansa kuma Hausawa ne talakawan sarakuna, waɗanda hannun fada ya fi saurin kai musu. Wajen shekarar 1797 ya kwashe mutanensa ya bar ƙasar Gobir ya koma Gimbana a ƙasar Kabi, kusa da inda garin Jega yake a yau. Ke nan ya riga Shehu yin hijira da kimanin shekara shida ko bakwai. Fadar Gobir ta aika masa ya dawo, ya ƙi.

Harin Gimbana

Da Yunfa ya gaji Nafata, maganar Gimbana ta sake tasowa. Akwai ruwayar da ke cewa wata rundunar Gobir ta bi ta kusa da garin a kan hanyarta ta zuwa yaƙi, ta nemi Abdussalami ya sa mata albarka, ya ƙi. A zamanin da addu'ar malami take cikin shirin yaƙi kamar doki da kibiya, ƙin yin addu'ar magana ce babba: yana nufin malamin bai yarda da yaƙin ba, kuma ba ya ɗaukar sarkin a matsayin sarkinsa.

A watan azumi na shekarar 1218 bayan hijira, wanda ya zo daidai da Disambar 1803, mayaƙan Gobir suka faɗa wa Gimbana da rana tsaka mutane suna azumi. Marubutan jihadi sun ambaci cewa an kashe malamai da almajirai, an wulaƙanta littattafai da alluna, an kuma kama mata da yara da dama. Abdussalami ya tsira da wasu daga cikin mutanensa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya juya tarihin ƙasar Hausa. A kan hanyarsu ta komawa Alƙalawa, babban birnin Gobir, mayaƙan sun biyo da kamammun ta kusa da Degel. Mutanen Degel suka ga 'yan'uwansu Musulmi a ɗaure ana tafiya da su bauta, suka tare hanya suka kwance su da ƙarfi. A wurin Yunfa wannan tawaye ne a fili, domin an ƙwace ganimar sarki daga hannun sojojinsa a cikin ƙasarsa. Ya aika wa Shehu ya fita daga Degel da iyalinsa ya bar sauran jama'ar. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya tashi da su gaba ɗaya a ranar 21 ga Fabrairu, 1804, zuwa Gudu a bakin iyakar Gobir. A can aka yi masa mubaya'a, kuma Abdussalami yana cikin waɗanda suka haɗu da shi.

Shekarun jihadi da rabon ƙasa

An yi yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, jama'a ta yi nasara a kan Yunfa. An sha kashi mai tsanani a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, aka ci Birnin Kabi a 1805, aka kusa hallaka a Alwasa, sannan Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba na 1808 aka kashe Yunfa. A duk waɗannan shekarun Abdussalami yana cikin rundunar tare da mutanensa.

Ba shi ne ya fara ƙorafi a kan yadda al'amura ke tafiya ba. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya bar rundunar a shekarar 1807 saboda ganin yadda son ganima da mulki da tara ƙwaraƙwarai suka shiga zukatan mayaƙa. Ya yi niyyar wucewa Makka, amma mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, daga baya ya dawo. Ba wanda ya kira tafiyar Abdullahi cin amana. Bambancin da ke tsakaninsa da Abdussalami shi ne Abdullahi ya tafi shi kaɗai da 'yan rakiya, kuma ɗan gida ne.

A shekarar 1812, lokacin da Shehu yake zaune a Sifawa, ya raba kula da daular gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Ali Jedo, Sarkin Yaƙi, ya samu yankin arewa, wasu 'ya'ya da dangin Shehu kuma suka samu nasu yankunan. Abdussalami an ba shi garuruwa bakwai ne a cikin rabon Abdullahi, ciki har da Sabiyal, a yankin Aliero na Jihar Kebbi ta yau. Ga mutumin da saboda jama'arsa aka yi hijira, wanda kuma ya riga da yawa daga cikin masu manyan yankunan shiga gidan Shehu, rabon ya yi kaɗan, kuma bai ɓoye hakan ba. Ya fara faɗaɗa ikonsa a kan garuruwan da ba a ba shi ba, Abdullahi ya hana shi, dangantaka ta yi tsami. Maganar ta kai ga Shehu, aka raba gardama da cewa ya bar yankin Gwandu ya koma ƙarƙashin kulawar Bello. Aka zaunar da shi a Kware, kimanin kilomita 20 arewa da Sakkwato, daga baya kuma aka yarje masa ya kewaye garin da ganuwa.

Kware

Shehu ya rasu a Sakkwato a ranar 20 ga Afrilu, 1817, aka yi wa Bello mubaya'a yana da kimanin shekara 36. Lokacin da Abdussalami ya yi ƙaura zuwa Gimbana, Bello saurayi ne ɗan shekara goma sha shida. Abdussalami bai yi gaggawar zuwa mubaya'a ba, sai da aka aika masa sannan ya zo Sakkwato ya yi, Bello kuma ya yi masa alkawarin ba zai manta da haƙƙinsa ba.

Rasuwar Shehu ta girgiza daular. Garuruwa da yawa a Zamfara da Gobir da Kabi, waɗanda suka miƙa wuya a zamaninsa, suka ga dama ta samu suka juya baya. Tsakanin Bello da baffansa Abdullahi ma akwai sanyin dangantaka a kan maganar gadon sarautar. A cikin wannan hali ne Kware ta fara cika. Waɗanda ke da ƙorafi a kan hakimai da masu karɓar haraji, da waɗanda aka ƙwace wa dukiya, da masu gudun a kama su, suka riƙa kwararowa garin Abdussalami.

A nan akwai wata kalma da ya kamata a tsaya a kanta, wato amana. A Hausar wancan zamani amana yarjejeniya ce ta shari'a: al'ummar da ba Musulmi ba ta yarda ta biya jiziya, daular kuma ta ɗauki alkawarin kare rayukanta da dukiyarta, ba a kai mata hari, ba a kama 'ya'yanta. Su ne ake kira 'yan amana, a Larabci ahlul zimma. Idan suka ɗauki makami, an ce sun ci amana, kariyar ta faɗi. Kalmar da ake amfani da ita a yau a kotu da jarida, cin amanar ƙasa, tana ɗauke da wannan tsohuwar ma'anar ta alkawari tsakanin ɓangare biyu. Matsalar da ta taso a 1817 ita ce wa ya fara ci. Mayaƙa masu neman ganima suna da dalilin su ce kowane ƙauye ya ci amana, domin da zarar an faɗi haka mutanensa sun halatta.

Abubuwa biyu ne suka kai rikicin ga inda ba a dawowa. Na farko, Bello ya hana ciniki da garuruwan da suka juya baya, amma Abdussalami ya bar kasuwar Kware a buɗe gare su. Na biyu, an biyo da wasu kamammu ta kusa da garinsa, shi kuma ya ga cewa an kama su ne ba bisa haƙƙi ba, sai ya sa aka kwance su da ƙarfi aka sallame su. Abin da mutanen Degel suka yi wa sojojin Yunfa saboda mutanensa a 1803, shi ne ya yi wa mayaƙan daular da ta tashi daga wancan aikin.

Wasiƙunsa ga Bello

Kusan duk abin da aka sani game da hujjojin Abdussalami ya zo ne ta alƙalamin abokin hamayyarsa. Bello ya rubuta littafi a kan rikicin mai suna Sardul Kalami, inda ya ba da labarin daga farkonsa, ya kuma kawo wasiƙun da suka yi musaya. An fassara shi zuwa Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka buga a farkon shekarun 1930, kuma ta nan ne ɗaliban makarantun boko na farko suka san labarin. Littafin na kare kai ne, an rubuta shi don a nuna cewa yaƙin ya halatta. Duk da haka Bello ya kwafe zarge-zargen da aka yi masa bai goge su ba, abin da ba kowane mai mulki ba ne yake yi wa wanda ya kayar.

Wasiƙa ta farko ta malamai ce. Abdussalami ya tara ayoyi da hadisai da maganganun malaman fiƙihu a kan haramcin zalunci da haramcin taimakon azzalumi, ya gina a kansu cewa ɓarna ta yi yawa a cikin jama'ar har ta kai nisantarta ya zama wajibi. Wannan ita ce hujjar da aka yi hijira daga Gobir da ita, kuma a Degel ya koye ta.

Ta biyu ta fi shahara, saboda zanen da ke cikinta. Ya zana ƙasar da aka ci da yaƙi, ya nuna kowane ɓangare da sunan wanda aka ba: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi, arewa ga Ali Jedo, saura ga 'ya'ya da dangin Shehu. Sannan ya nemi a nuna masa inda nasa rabon yake, yana mai nuni da cewa abin da ke hannunsa bai wuce abin da yake da shi tun kafin jihadi ba. Wasiƙar nan ta raunana matsayinsa ta wani gefen, domin ta ba da damar a ce duk maganar zalunci lulluɓi ce kawai ga neman mulki. Ta wani gefen kuma ita ce shaida mafi tsufa daga cikin jama'ar kanta cewa wasu sun ga rabon daular ya karkata ga gida ɗaya.

Bello bai musanta cewa ana zalunci ba. Amsarsa ita ce samun azzalumai a cikin al'umma ba ya halatta fita daga biyayyar shugaban da aka yi wa mubaya'a, wanda ke da ƙara ya kawo ta gaban alƙali da shaidu, kuma abin da Abdussalami yake yi ya wuce ƙorafi ya zama ƙarfafa abokan gaba.

Tawaye ne ko ridda

Wannan ita ce gaɓar da ta fi nauyi a labarin, domin sunan da aka sa wa laifin shi ne ke yanke abin da za a yi wa mutanen Kware. A fiƙihun Malikiyya, Musulmin da suka ɗauki makami a kan shugaba bisa wani tawili ana kiransu bugatu, wato 'yan tawaye. Ana yaƙar su har su dawo kan biyayya, amma suna nan a Musulunci: ba a mayar da matansu da 'ya'yansu bayi, dukiyarsu ba ganima ba ce, kuma ana yi wa mamatansu salla. Wanda aka yanke wa hukuncin ridda kuwa ya rasa wannan kariyar, malamai kuma sun yi saɓani a kan abin da ya halatta a yi da iyalinsa da dukiyarsa.

Ba a zargi Abdussalami da barin salla ko bautar wani abu ba. Hujjar Bello ita ce abin da ake kira muwala, wato jiɓintar kafirai da taimaka musu a kan Musulmi. Shehu ya ɗauko wannan hukuncin daga amsoshin da Muhammadu al-Maghili ya ba Askiya Muhammadu na Songhai a ƙarshen ƙarni na 15, kuma da shi aka kafa hujjar yaƙar sarakunan Hausa da suke kiran kansu Musulmi. Da shi ne kuma Bello ya amsa wa Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno, wanda ya rubuto yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da suke salla da azumi, yana mai cewa saɓo ba kafirci ba ne. Amsar Sakkwato ita ce Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'a. Da Kware ta buɗe ƙofarta ga garuruwan da suka juya baya, ta kuma nemi goyon bayansu, Bello ya ɗora mata wannan hukuncin.

Sai dai a cikin gidan Shehu ma ba a haɗu a kan hukuncin ba. Tun kafin rikicin Kware, Abdullahi ya rubuta a cikin Diya'us Sulɗani cewa taimakon kafirai a kan Musulmi yana zama kafirci ne idan an yi shi don son kafircin. Idan don neman duniya ne, kamar mulki ko dukiya, to babban saɓo ne amma bai fitar da mutum daga addini ba. Shehu ya mayar da martani a cikin Najmul Ikhwani yana kare matsayin al-Maghili. Idan aka auna Abdussalami da ma'aunin Abdullahi, zanen da ya aiko shi kansa shaida ce cewa rigimarsa ta rabo ce da haƙƙi, wato ta duniya, kuma hakan zai sa shi a sahun 'yan tawaye.

Tsoron Bello yana da tushe. Gari mai ganuwa, cike da masu fushi, tafiyar wuni ɗaya daga Sakkwato, a shekarar da Gobir da Zamfara da Kabi suke tashi, ba abin da sabon sarki zai zuba wa ido ba ne. Ƙorafin Abdussalami shi ma yana da tushe, tunda Abdullahi ya riga shi faɗar irinsa shekara goma kafin nan. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne tsallakawa daga tawaye zuwa ridda, domin hukunci ne da mai mulki ya yanke a kan abokin rigimarsa, a shari'ar da shi kansa yake ciki.

Marubutan zamanin Turawa sun fi karanta labarin a matsayin rigimar Hausawa da Fulani, kuma zanen da ke cikin wasiƙar ya ba su abin kamawa. Masana tarihi na baya, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya irin su Yusufu Bala Usman, sun ƙi yarda a fassara jihadin da ƙabilanci, suna nuna cewa akwai Hausawa da Fulani a kowane ɓangare. A wasiƙun kansu, da harshen fiƙihu aka yi gardamar daga farko har ƙarshe.

Faɗuwar Kware

Daga ƙarshen daminar 1817 aka shiga kai wa juna hari tsakanin Sakkwato da Kware, hanyoyi suka rufe, yunƙurin farko na cin garin kuma bai yi nasara ba. A farkon shekarar 1818 rundunar Bello ta fasa ganuwar ta shiga. Kibiya ta sami Abdussalami, ya fita da rauni ya nufi Zamfara, ya rasu a Bakura.

Mutuwarsa ba ta rufe tambayar ba, domin daular ta ci gaba da zama da maƙwabta masu kiran kansu Musulmi alhali tana yaƙi da su. Wajen shekarar 1819 Ɗan Kasawa, magajin tsohuwar zuriyar sarautar Katsina da aka kora a 1807, ya kafa mazauni a Maraɗi. Daga nan har zuwan Turawa, ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, inda garin Jibiya yake a bakin iyakar Nijeriya da Nijar a yau, ta zama fagen hare-hare, kuma mutanen ƙauyukanta suna da dangi da abokan ciniki a kowane gefe. Mutanen yankin Ruma sun yi tawaye a farkon shekarun 1840 da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda ya murƙushe su, Sakkwato ta tuɓe shi a 1844, daga baya shi ma ya koma wurin Maraɗawa ya yaƙi Katsina tare da su.

Gimbanawa

Waɗanda suka tsira daga Kware da yawa sun koma yamma, suka taru a Kalambaina a yankin Gwandu, suka ci gaba da turjiya. Abdullahi ya kewaye garin ya kasa cinsa, har Bello ya zo da runduna ya taimaka masa. A nan ne, bayan an ci garin, aka yi haɗuwar da ta shahara a tarihin Sakkwato: Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ragowar mutanen Abdussalami su ne sanadin sulhun Sakkwato da Gwandu.

Ɗansa Buhari ya miƙa wuya ga Gwandu, aka yarje masa ya zauna da jama'ar mahaifinsa kusa da tsohon garinsu. Shi ya kafa Jega a farkon shekarun 1820, garin da ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular a ƙarni na 19. Zuriyar mutanen ana kiransu Gimbanawa, daga sunan garin da Yunfa ya kai wa hari, kuma gidan Buhari ne ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.